Darasin Kimiyya: Me ke Cikin Kurkur?

Darasinmu na yau a kan kurkur ne, wato gangamau. Ɗan'uwan citta ne, kuma ɓangaren da ake amfani da shi kara ne da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa za ku ga yana da gaɓoɓi da idanun tsiro. Ana tafasa shi, a shanya, a niƙa, sai a sami garin nan mai ruwan ɗorawa. Indiya ce ke noma mafi yawansa a duniya.

Launin nasa daga sinadarin kurkumin yake, wanda masana kimiyya Vogel da Pelletier suka fara ware shi a 1815. Bai fi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba.

To, ku matso mu gwada. Ku dama garin da ɗan ruwa, ku shafa a farin ƙyalle, sannan ku ɗiga ruwan kanwa a kai. Nan take wurin zai koma ja. Ku matsa lemon tsami, sai ruwan ɗorawar ya dawo. Kurkumin na sauya launi idan ya haɗu da abu mai alkali irin kanwa, kuma dalilin ke nan da tabon miyar kori ke yin ja idan sabulu ya taɓa shi.

A ɗakin gwaji an ga kurkumin yana rage kumburi, kuma wasu masu ciwon gwiwa sun sami sauƙi kaɗan da shi. Sai dai ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta na saurin kawar da shi. Mai yana taimakawa, haka ma masoro, domin sinadarin fiferin da ke cikinsa yana rage wa hanta wannan saurin. Saboda haka kurkur a miya mai mai da masoro ya fi wanda aka kaɗa a ruwa zalla amfani.

Abin da ke damuna shi ne masu cewa yana warkar da ciwon daji ko ciwon suga. Babu binciken da ya tabbatar da haka a jikin ɗan Adam, kuma mai barin maganin asibiti saboda shi yana wasa da ransa. Na girki da wanda amare ke haɗawa da dilka ba abin tsoro ba ne. Ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi kuwa sun taɓa jawo wa wasu ciwon hanta. Mai juna biyu, mai tsakuwar matsarmama da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, su tambayi likita kafin su sha.