Filin Shawara: Maigidana ya koma mafarauci a Dakota

 Muna zaune a Dakota ta Kudu a Amurka, inda maigidana yake aiki. Tun da abokan aikinsa suka ja shi farauta bakin tafkin Oahe, na kasa gane kansa. Da Oktoba ta kama, duk Asabar ba ya gida: yau agwagwa, gobe barewa, jibi wani tsuntsu wai fezan. Ya sayi bindiga ya kawo cikin yara, firiza kuma ta cika da naman da nake shakkar halaccinsa. Da na yi magana sai ya ce tsoro ya yi mini yawa. In kai ƙararsa wajen iyayensa?
Maman Biyu

Ƙanwata, dakata da kai ƙara tukuna. Mutanen gida da sun ji bindiga hankalinsu zai tashi, su hana shi baki ɗaya, ke kuma a bar ki da miji mai ƙullaci a ƙasar da ba ki da dangi.

Inda Allah Ya kai ku, farauta al'adar gari ce. Tafkin nan madatsa ce a kan kogin Missouri, wadda Shugaba Kennedy ya ƙaddamar a 1962, ruwanta ya miƙe daga Pierre har kusa da Bismarck, kuma yana kan hanyar da agwagi da dinya suke bi idan sun gudo wa sanyin Kanada. Shi fezan, mai dogon wutsiya, asalinsa daga Asiya aka kawo shi, yau kuwa shi ne tsuntsun alamar jihar. Ranar Asabar ta uku a Oktoba da ake buɗe farautarsa, baƙi daga jihohi daban-daban suke cika garuruwa. Baƙon da aka gayyata wannan fita, an karɓe shi ke nan. Ina jin wannan karɓuwa ce ta ja mijinki, fiye da naman.

Amma a kan bindiga ina bayanki ɗari bisa ɗari, kuma tsoronki hankali ne. Kada ta kwana a gidan nan sai a cikin akwatin ƙarfe mai kulle, ba harsashi a cikinta, harsasan a wani wuri daban, shi ma a kulle, makulli kuma nesa da hannun yara. Wannan sharaɗi ne, ki faɗa masa da ladabi amma kar ki sassauta. Idan ya ƙi, to a nan ne manya za su shigo, kuma ni zan ce ki kira su. Ki kuma roƙe shi ya riƙa sa rigar ceto in za su shiga kwalekwale, don ruwan Oahe a Nuwamba yana sandarar da gaɓoɓin mutum cikin mintuna kaɗan, sannan ya sa riga mai ruwan lemo da doka ta wajabta wa mai harbin barewa.

Batun nama, malamai da yawa sun halatta abin da Musulmi ya harba bayan ya yi Bismilla, in ya iske shi da sauran rai ya yanka. Ki tambaye shi ko nasa harbin ne, ku je wajen limaminku tare. Barewa kuma a kai ta gwaji, domin akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama barewar yankin, kuma hukumomin lafiya sun ce kada a ci wadda ta kamu.

Saura batun lokacinki, wanda na san shi ya fi ci miki tuwo a ƙwarya. Harbin agwagwa ana fara shi rabin awa kafin fitowar rana, dole ya yi sammako. Fezan kuwa sai ƙarfe 10 na safe doka ta yarda a fara, kuma zakaru uku kacal a rana. Ranar fezan ba shi da hujjar fita bai karya kumallo da 'ya'yansa ba. Ku zauna da kalanda ku raba Asabar ɗin wata tun yanzu, wasu nasa, wasu naku.

Anti, ni ɗalibi ne a Dakota ta Arewa. Tunda bakin tafkin Oahe filin gwamnati ne, zan iya aron bindigar abokina in shiga farauta?
Ɗanki

Ɗana, kul! Mai bizar karatu, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai yana da lasisin farauta mai aiki, saboda haka lasisin ne farko, kuma ka tuntuɓi ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku. Ga agwagwa akwai ƙarin kan sarkin tarayya na dala 25, kuma tun 1991 aka haramta harbinta da harsashin darma. Ka riƙe taswira da kyau, don gonakin mutane suna manne da filin gwamnati, yammacin tafkin kuma akwai ƙasar 'yan asali ta Standing Rock, inda su ke ba da nasu izinin. Ka fara shiga ajin koyon farauta na hukumar namun daji ta jihar, sannan ka bi wanda ya san wurin.