Idan barci ya ƙaurace wa wani a gidanku

Yawancin masu fama da rashin barci da nake gani a wurin aiki ba su kaɗai suke zuwa ba. Mata ce ta rako miji, ko ɗa ya kawo mahaifiyarsa, ko yaya ta riƙo hannun ƙanwarta mai jego. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma da masu rakiyar nake son yin magana, domin abin da mutanen gida ke yi tsakanin isha'i da asuba ya fi abin da muke yi a asibiti tasiri.

Ba kowane daren juye-juye ba ne ciwo. Wanda aka yi wa rasuwa, ko ɗalibi mai jarrabawa, ko duk wanda zafin Afrilu ya riska ba wuta ga sauro, dole barcinsa ya ragu, kuma zai dawo da kansa. Likitoci suna kiransa rashin barci mai tsanani idan yana faruwa aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, kuma ana ganin alamarsa da rana: kasala, saurin fushi, mantuwa, gyangyaɗi a wurin aiki. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9.

Inda ƙauna ke ɓata lamari shi ne matsi. "Rufe ido mana, Baban Abba." "Hajiya, kin dai samu kin runtsa?" Kullum da safe tambayar kenan, har mutum ya fara fargabar dare tun da magariba. Barci ɓarawo ne, ba ya shiga gidan da aka zauna gadinsa. Wanda ya kwanta yana ƙirga awoyin da suka rage kafin kiran salla, zuciyarsa bugawa take, jikinsa a ɗaure, kuma a hankali ƙwaƙwalwarsa takan haɗa shimfiɗa da damuwa. Shi ya sa za ka ga mutum yana gyangyaɗi a kujerar falo, da ya shiga ɗaki ido ya bushe.

Abin da muke koya wa masu rashin barcin yakan ba dangi mamaki. Idan an kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, a tashi daga gadon. A zauna a wuri mai ƙarancin haske, a ja carbi ko a saurari karatu a hankali, ban da waya, sai an ji barci ya taso a koma. To, idan kin farka ƙarfe biyu kin ga maigida zaune a kan tabarma, kada ki kora shi gado, magani yake sha. Abu na biyu, lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, ko da daren ya yi muni. A nan asuba ta yi mana gata, sai dai mukan ɓata ta da komawa barci har hantsi, sannan a ɗora da doguwar ƙailula. Tausayi kan sa a ce "ku bar shi ya rama", alhali ramuwar ce ke cinye barcin daren gobe. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma a gama ta kafin la'asar. Waɗannan dabaru suna cikin tsarin gyaran ɗabi'a da tunani wanda wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ce a shekarar 2016 shi za a fara gwadawa kafin ƙwaya.

Sai abin da ke shiga baki. Sinadarin kafin da ke cikin goro, ganyen shayi, Nescafé da lemukan ƙara kuzari, kusan rabinsa yana nan a jini bayan awa 5. Goron da Hajiya ta ɓantara bayan la'asar yana tare da ita a shimfiɗa, haka atayar da samari ke sha a majalisa har sha ɗayan dare. Ba a raba tsohuwa da goronta da faɗa, na ga an gwada, ba ya yi. A lallaɓa a mayar da shi na safe, da dare kuma a dafa citta da kanumfari ba ganye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne aika yaro kemis ya ce "a ba ni maganin barci". Diazepam da Lexotan suna sa barci a kwanakin farko, daga nan jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta koma biyu. A tsofaffi suna kawo jiri da ruɗewa, a tashi fitsarin dare a faɗi a karye. Wasu da maganin tari mai kodin suka fara, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018. Idan kun gano ɗan'uwanku ya daɗe yana shan irin waɗannan, kada ku ƙwace a dare ɗaya, domin yankewa kwatsam na iya kawo jijjiga. Likita ne zai rage masa a hankali.

Akwai kuma abin da mai kwana kusa da shi kaɗai ke iya gani. Minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa sannan ya dawo da shaƙewa cuta ce da ke tafiya da hawan jini, kuma ƙwayar barci ƙara ta take. Yawan tashi fitsari na iya zama ciwon suga, ko kumburin mafitsara ga dattijo. Farkawa tun ƙarfe uku da ƙuncin zuciya, ga rashin cin abinci, ga janyewa daga mutane, alamar ciwon damuwa ce. Waɗanda suka tsere wa 'yan bindiga daga ƙauyukan Zamfara ko Katsina sukan yi ta firgita da mugun mafarki, ko ƙarar babur ta tashe su. Biyu kuwa ba sa jiran gobe: mai jegon da ba ta runtsawa ko da jariri na barci har ta fara sambatu, da wanda ya kwana uku ido biyu amma ƙarfi ya ƙaru masa, surutu ba tsayawa. Haka wanda ya fara cewa gara ya mutu. A yi addu'a, a yi tofi, amma a kama hanyar asibiti a ranar.

Kunyar a ce an je "asibitin mahaukata" tana hana mutane da yawa zuwa Dawanau, Barnawa ko Kware, alhali da dama daga masu zuwa can rashin barci ne da damuwa suka kai su. Ana iya farawa da babban asibiti mafi kusa. In za ku zo, ku rubuto lokacin kwanciya da na tashi na mako biyu, ku zubo duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, kuma wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ya zama cikin masu rakiya.