Kafin ka gina rijiya kusa da tsohon gidan mai

Ka samu fili a Gamu ko cikin garin Gure, sai ka ji an ce a da ana sayar da mai a wurin? Dakata da kiran masu ginin rijiya. Tankin da aka binne ƙarfe ne, tsatsa na cin sa, ƙasarmu kuma rairayi ce, ba ta riƙe abin da ya zuba. Man da ya ɗiga gangarawa yake har ya tarar da ruwan ƙasa, ya kwanta a samansa, ya bi shi zuwa rijiyarka.

A 2011 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoton samun mai, kaurinsa santimita 8, kwance a kan ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale ta ƙasar Ogoni a Najeriya. Sinadarin benzin na man da ke ruwan shan mutanen wurin ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Can bututu ne ya yi ɓarna, amma hanyar ɗaya ce. Benzin kuwa yana kawo sankarar jini.

Ga abin yi gobe da safe.

1. Fara da mai unguwa da tsofaffin direbobi. Tambaye su inda famfon man yake, da ko an tono tankin ko yana nan a ƙasa. Haɗa da inda aka daɗe ana jibge jarkokin man ruwa-ruwa, da garejin da ake zubar da baƙin mai.

2. Zagaya filin da ƙafa. Nemi bakin bututu, murfin ƙarfe, daɓen siminti, ko wurin da ciyawa ta ƙi fitowa ko da damina.

3. Idan akwai rijiya kusa, ɗebi ruwanta a kwalbar gilashi mai tsabta zuwa rabi. Toshe, ka ajiye a rana kamar rabin awa, sannan ka buɗe ka shinshina. Sai ka duba saman ruwan a bokiti. In ka ga wani kyalli-kyalli, tsokane shi da tsinke. Wanda ya farfashe gutsi-gutsi ya tsaya haka, galibi na tsatsar ƙasa ne. Wanda ya murɗa ya sake haɗewa, mai ne. Amma ka riƙe wannan: rashin wari bai wanke ruwa ba, don benzin kaɗan hanci ba ya kama shi.

4. Ka ji warin fetur ko gazuwal? A daina sha, a daina girki, a daina ba dabbobi. Tafasawa ba magani ba ce, gubar ce za ta tashi cikin tururi ku shaƙa. Tacewa da ƙyalle ma ba ta cire ta.

5. Kada kowa ya sauka cikin rijiyar da sunan yasa. Tururin mai ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa, yana sumar da mutum. Babu ashana, babu taba a bakinta.

6. Wannan ne ya fi damuna. Tankin da ake cewa “ai babu komai ciki” ya fi cikakke saurin fashewa. Kada ka bar mai walda ko ɗan jari-bola ya sa masa wuta.

7. Kai maganar ofishin magajin gari a rubuce, ka riƙe kwafinka. Daga nan ka je ma'aikatar ruwa da ta muhalli a Gure, ka nemi a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji. Faɗa musu ƙarara gwajin man fetur kake so, don gwajin ƙwayoyin cuta daban ne. Ku je ku uku ko huɗu da maƙwabta, an fi saurin sauraron ku.

8. In ba ka biya kuɗin filin ba tukuna, riƙe su har sakamako ya fito. In ka riga ka saya, sabuwar rijiya ta kasance nesa da tankin, ta ɓangaren tudu, kuma ma'aikacin ruwa ne zai nuna wurin.