Hankalina Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Tambaya: Malam, daga Shagari nake zuwa aiki wani ofis a Bodinga. Likita ya ce ina da ADHD. Kafin in gama fayil ɗaya na buɗe uku, har ana ce mini malalaci.

Amsa: Ɗan'uwa, kai ba malalaci ba ne. ADHD lalura ce ta ƙwaƙwalwa da alamunta kan bayyana tun kafin shekara 12, kuma mutane da yawa ba ta barin su bayan sun girma.

Kada ka dogara da tunawa. Tun kana cikin mota, rubuta ayyuka uku kacal a takarda. Mai wuyar ka fara da shi da safe, waya tana cikin aljihun tebur. Ka yi minti 20, ka miƙe ka sha ruwa, ka dawo. Azahar da La'asar su zama iyakokin aikinka. Idan oga ya ba da umarni, roƙe shi ya rubuta maka. Wannan ba abin kunya ba ne.

Maganar magani kuwa, je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ko asibitin UDUTH a Sakkwato. Don Allah ka guji tiramadol da ƙwayoyin kemis, suna ƙara dagula barci da natsuwa.