Darasi Na 12: Mu Ƙirga Numfashin Yaro

In hunturu ya shigo, daga Kazaure har Roni, Gwiwa da Ɓaɓura, ko'ina sai mu ji yara suna tari. Yawanci mura ce, takan wuce. Amma wani tarin na ciwon haƙarƙari ne, wanda likitoci ke kira nimoniya. Shi kam yana kisa.

Ga yadda yake. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, sukan shiga huhu. Jiki ya tashi yaƙi da su. Huhu ya kumbura, ya tara ruwa da mugunya. Iska ta rasa wurin shiga. Sai yaro ya yi ta haki.

Yaya za mu gane? Mu bari yaro ya natsu. Mu ɗaga rigarsa, mu dubi agogo, mu ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ya yi yawa. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, abin ya tsananta.

To, kada mu kwana. Kada mu kai shi gun wanzami a yi masa tsaga. Tsaga ba ta kai ga huhu. Mu kai shi asibiti, akwai magani.

A 2014 aka fara allurar rigakafin wannan ciwo a Nijeriya. Ana yi wa jariri a sati 6, da 10, da 14. Mu kuma nisantar da goyo daga hayaƙin murhu.

Tambayoyi
1. Me ke taruwa a huhu?
2. Numfashi nawa ne ya yi wa ɗan shekara 2 yawa?