Ungulu Ba Ta Jewar Banza

A ƙarshen damina aka kira ni wata sabuwar unguwa a gefen gari, wai ungulaye sun yini a kan tankin ruwan wani gida, matan gidan sun ƙi fitowa tsakar gida. Kafin in isa yara sun tara duwatsu, wani dattijo kuma yana rantsuwa cewa mutuwa ce ta leƙo gidan. Ni likitan dabbobi ne, saboda haka wari na fara bi. A wani kango da ke bayan katanga muka tarar da mushen tunkiya da aka jefar da daddare.

Wallahi na yi murna da ganin tsuntsayen nan. Duk wanda ya tashi kusa da kwata a Kano, Zariya ko Maraɗi ya san zamanin da sai mahauta sun kore su kafin su samu damar fiɗa. Yau sai in daɗe ina zuwa mayanka duba nama ban ga ko guda ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta saka wannan ungulu tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka kowace aka kashe sai an daɗe ba a mayar da gurbinta ba.

Mu ne muke ƙarar da ita. Ana kama ta a sayar da kanta da ƙafafunta ga masu tsibbu. A Gine-Bisau, a 2020, an tsinci fiye da 2,000 an kashe su da guba, da yawansu an sare musu kai. Sai kuma abin da na fi cin karo da shi a wurin aiki: mutum ya barbaɗa Furadan a mushe don ya kashe karnukan da suka dame shi, garken ungulu ya sauka ya ci, su mutu gaba ɗaya.

Indiya ta riga mu ɗanɗana illar rashin ungulu. Maganin diclofenac da ake yi wa shanu allura ya lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushensu, har fiye da kashi 95 cikin 100 suka ƙare, kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Mushe ya zama na karnukan titi, suka yawaita, ciwon haukar kare ya ƙaru. Cikin ungulu kuwa yana kashe ƙwayoyin cutar da kare da ƙuda suke yawo da su gida-gida. Abokan aikina, maimakon diclofenac mu riƙa ba da meloxicam, wanda aka tabbatar ba ya cutar da ita.

Idan ungulaye sun sauka a unguwarku, a hana yara jifa, a duba kango da kwalbati da juji. In an ga mushe da jini yana fita ta hanci, baki ko dubura, kada a feɗe shi, kada a ja shi a ƙasa. Alamar cutar saifa ce, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Suleja a Yulin 2023, kuma tana kama mutum. A kira ma'aikacin lafiyar dabbobi, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne shi a ƙarƙashin kulawarsa.