Yadda Ake Zaɓar Tablet: Matsakaiciya ko ta Manyan Kuɗi?

Wanda ya taɓa shiga kasuwar Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, da kuɗin tablet a aljihu, ya san yadda cinikin ke farawa. Ka ce kana son abin karatu da ɗan kallo, mai shago ya miƙa hannu can saman kanta ya sauko da mafi tsada, ya goge ta da bakin riga, ya ce, "Alhaji, wannan ce ta yayi." Gaskiya ya faɗa, kuma halalinsa yake nema. Sai dai bai san abin da za ka yi da ita ba, kai ma wani lokacin ba ka tsaya ka tambayi kanka ba.

Mu fara raba kayan gida biyu. Idan na ce matsakaiciya, ina nufin irin iPad Air ta Apple, wadda mai inci 11 ta fito a kan dala 599 a Amurka, ko Galaxy Tab S10 FE ta Samsung da ta fito a 2025 a kan kusan dala 500. Ta manyan kuɗi kuwa ita ce iPad Pro, daga dala 999, ko Galaxy Tab S10 Ultra mai inci 14.6, kusan dala 1,200. Tazarar dala 400 da ke tsakanin Air da Pro, a farashin 2024 lokacin da dala ta haura naira 1,500, ta kai naira 600,000. Wannan kuɗin makarantar yaro ne, ko jarin ƙaramin shago. Ga hanyar da nake bi idan wani ya nemi shawarata.

Da farko, tun kana gida, ɗauki biro da takarda ka rubuta abin da za ka riƙa yi da ita a cikin mako guda. Ka rubuta na gaskiya, ban da na buri. Karanta littattafan makaranta, tilawar Alƙur'ani, rubuta darasi, kallon YouTube, taro ta Zoom, lissafin shago a Excel: idan jerinka bai wuce irin waɗannan ba, matsakaiciya za ta yi su duka ba tare da ta ko yi gumi ba. Inda mutane suke faɗawa shi ne sayen kaya don mutumin da suke fatan zama. "Ai zan fara koyon zane," in ji wani abokina, ya kwashi kuɗi ya sayo babba da alƙalaminta. Yau shekara biyu, alƙalamin yana cikin durowa, yara suna kallon katun da ita, kuma kusurwa ɗaya ta tsage.

Masu buƙatar ta sama ba su da yawa, kuma sun san kansu: mai zanen da da alƙalamin yake ci, mai tace bidiyon biki ko na fim, mai zanen gine-gine, mai ɗaukar hoton da dole launin atamfar amarya ya fito yadda yake. A wajensu sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, domin na'urar ce ke biyan kanta.

A kan takardar nan kuma ka rubuta sunan manhajar da ba za ka iya rabuwa da ita ba, domin wani lokaci ita ke yanke hukunci. Procreate, da masu zane ke ji da ita, babu ita a Android. Final Cut Pro ta tace bidiyo ta shigo iPad a 2023, kuma ta Apple ce kaɗai. WhatsApp kuwa sai a watan Mayun 2025 ta fitar da manhajarta ta iPad, bayan shekaru ana jira. Idan kuma aikinka na manhajar Windows ne, rufe wannan shafin ka je ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka.

Mataki na biyu shi ne lissafi, kuma nan ne ake shammatar mutane. Farashin da ke jikin kwali na gangar jiki ne kawai. Apple ba ta saka alƙalami a kwalin kowace iPad. Apple Pencil Pro dala 129 ne, kibod ɗin Magic Keyboard na Pro mai inci 11 dala 299. Haɗa su da dala 999, ka tashi a dala 1,427 tun ba ka sayi riga da gilashin kariya ba. Samsung kuwa ta saka alƙalaminta, S Pen, a cikin kwalin Tab S9 da S10, har da masu FE, kuma ba ya buƙatar caji kafin ya yi rubutu. Ga ɗalibar da ke son rubuta darasi da hannu, wannan kaɗai ya isa ya karkatar da sikeli. Tambayi mai shago ko akwai kan caja a kwalin, domin da yawa yanzu waya kawai ake sakawa.

Akwai wani tarko a alƙaluman Apple da ya kamata a sani. Mai araha, na dala 79 mai cajin USB-C, ba ya jin ƙarfin dannawa, wato layi ba ya kauri idan ka danna, ba ya siranta idan ka sassauta. Ga rubutu babu damuwa, ga zane kuwa nakasu ne. Pencil Pro yana aiki da Air ta 2024 zuwa sama, don haka mai zane ma ba dole ba ne ya kai Pro. Amma Pencil Pro ba ya aiki da iPad mai araha ta dala 349.

Na uku, fuska. Mafi yawan kuɗin da ake ƙarawa a nan yake, don haka kada ka yarda da labari, gani ya kori ji. Manyan suna da fuskar OLED, inda kowane ɗigo ke kunna haskensa da kansa. Idan wuri baƙi ne ɗigon kashe kansa yake yi, sai baƙin ya fito wuluk. Samsung ta daɗe da wannan a manyan nata, Apple ta kawo shi iPad Pro a 2024. Matsakaita suna da LCD, mai fitila ɗaya a baya, shi ya sa baƙinsu kan yi toka-toka a cikin duhu. Bambanci na biyu shi ne sau nawa fuskar ke sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya: Pro da Ultra sau 120, Tab S10 FE sau 90, iPad Air sau 60.

Ka ce wa mai shago ya kunna maka biyun gefe da gefe. Buɗe dogon shafi mai rubutu ka ja shi sama da ƙasa da yatsa. Kunna bidiyo mai duhu, irin na dare. Yi rubutu da alƙalami da sauri ka ga ko tawadar tana biyo bakinsa ko tana jan ƙafa. Sannan ka roƙi izini ka kai su bakin ƙofa inda rana take, domin fitilar shago tana yi wa kowace fuska kwalliya. Wasu idanun nan take suke kama bambancin 60 da 120, kuma ba sa iya komawa baya. Wasu ko a jikinsu. Idan kana cikin na biyun, Allah Ya hutar da aljihunka. Ni dai a ganina, ga mai karanta baƙin rubutu a kan farin shafi, OLED ado ce kawai. Ga mai kallon fim da dare bayan an kashe fitila, abin a bayyane yake.

Na huɗu, ƙwaƙwalwar na'urar, ba zan daɗe a kanta ba. iPad Air ta 2024 da ta 2025 suna ɗauke da M2 da M3, irin waɗanda Apple ta saka a kwamfutocin MacBook Air, don haka ƙarfinta ya riga ya wuce buƙatar mafi yawanmu. A ɓangaren Samsung tazarar ta fi faɗi: Exynos da ke cikin FE ba ta kai ƙwaƙwalwar Ultra ba, kuma za ka ji hakan a manyan wasanni da tace bidiyo mai nauyi.

Na biyar, ma'aji da layi. Mu nan mutanen saukewa ne. Data tana da tsada, sabis yana zuwa yana tafiya, sai mutum ya tara karatuttukan malamai, laccoci da finafinai a ciki. Giga 128 ba ta da wuyar cika. Babu iPad ɗin da ke karɓar katin memori, abin da ka saya da shi za ku tsufa. Galaxy Tab S10, har da FE, tana karɓa. Idan iPad Air ka zaɓa, ƙarin dala 100 zuwa giga 256 ya fi maka amfani a kan tsallakawa zuwa Pro. Game da layi kuwa, mai shan sim ta fi tsada da dala 150 a Air, 200 a Pro, kuma waɗanda suka fito daga 2024 babu ramin sim a jikinsu, sai eSIM. MTN da Airtel suna bayarwa a Najeriya, amma ka tabbatar da na kamfanin layinka tukuna. Ka kuma sani iPad ba ta kiran waya da sim, data kawai take sha. Wayar da ke aljihunka za ta iya raba mata intanet ba tare da ka ƙara ko kwabo a kuɗin saye ba.

Na shida shi ne wanda masu sharhin ƙasashen waje ba sa kawowa, domin ba su san watan Afrilu a Sakkwato ko Agadas ba. Apple da kanta ta ce a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa bazara tana kai mu sama da 40. Zafi yana cin batir, mai tsada da mai araha duk ɗaya, don haka kada a bar ta a cikin mota, kada a yi mata caji a ƙarƙashin matashi. Ga ƙurar hunturu. Tun daga Tab S9 a 2023 Samsung ta ba manyan nata kariyar ruwa da ƙura ta IP68, har da FE. iPad ko ta nawa ce ba ta da ita. Kafin ka biya, zaga layin masu gyara ka tambayi nawa ake canza fuskar wadda kake so, kuma ana samunta nan take ko sai an aiko daga Legas ko Dubai. Fuskar OLED ta fi tsada nesa ba kusa ba, Apple kuma ba ta da kanti nata na kanta a Najeriya ko Nijar. Gidan da ke da yara ƙanana, wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci.

Ban da sabuwar matsakaiciya da sabuwar babba, akwai hanya ta uku da 'yan kasuwa za su nuna maka: babba ta hannu, ta shekara biyu ko uku baya, a kuɗin sabuwar matsakaiciya. Ciniki ne mai kyau idan an bi shi da ido buɗe. Ka sa mai shago ya goge ta tas a gabanka, ya sake kunnawa. Idan ta nemi asusun iCloud na wani, ko na Google da Samsung, ajiye ta ka tashi, komai daɗin bakin da za a yi maka cewa za a buɗe. Idan ta nuna wata makaranta ko kamfani ne ke sarrafa ta daga nesa, ita ma haka. Buɗe farin shafi ka haska fuskar har ƙarshe, ka duba tabo ko inuwar tsohon hoto, ciwon da ke kama OLED idan ta tsufa. Gwada ramin caji, lasifika da kyamara. Duba shekarar da ta fito, domin kamfani yana daina sabunta manhajar tsofaffi, daga nan manhajar banki ma sai ta fara ƙi. Karɓi rasit mai lambar na'urar, da sharaɗin kwanakin gwaji a rubuce.

Koma ga takardar da ka rubuta a gida. Idan babu aikin da ke kawo maka kuɗi a cikin jerin, sayi matsakaiciya mai giga 256, ka haɗa da riga mai kauri da caja ta asali, ragowar kuɗin ka mayar aljihu kafin mai shago ya sake miƙa hannu saman kanta.